Tsohon Sirdi a Kan Sabon Doki

Duk farkon zango akwai wata sana'a da ke buɗewa a hostal ba tare da kowa ya yi mata rajista ba, wato sana'ar ɗora manhaja. Sabbin 'yan ND 1 na sashen zanen gine-gine, da na injiniyanci, da 'yan safiyo, da 'yan zane da ɗab'i, kowa rungume da laftof yana cigiyar wanda "ya iya". Malami ya ce a zo da AutoCAD ranar Litinin. Wanda ke yawo a filas daga hannu zuwa hannu kuwa na 2007 ne, laftof ɗin kuma Windows 11 ke kanta. A ɗora ya ƙi hawa, ko ya hau ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe, ana tsaka da zana katanga ta uku ya rufe kansa ba sallama. Daga nan sai shawarar nan da na tsana ta fito: "Kawai ka kawo a yi maka fomatin, a mayar da kai Windows 7."

Ni dai ra'ayina a fili yake: kada ka yarda, kada ki yarda. Manhajar da ta fito a 2006 (eh, a shekarar 2006 aka saki AutoCAD 2007) ba ta isa ta zaɓar wa kwamfutarka uwar manhajar da za ta zauna a kai ba. Wa ya taɓa sauya doki don sirdi ya tsufa? Sai dai ba na cikin 'yan gayun nan masu ganin duk mai amfani da tsohuwar manhaja bai waye ba. Mutanen da suka riƙe AutoCAD 2007 da CorelDRAW X3 suna da hujjarsu, kuma ya kamata a ji ta kafin a yi musu dariya.

Hujjar farko nauyi ne. AutoCAD 2007 da RAM 512MB yake tashi. Na yanzu kuwa, mafi ƙarancin abin da kamfanin Autodesk ke nema 8GB ne, ya kuma ce in son samu ne a kai 32GB. Mu mun san irin laftof ɗin da yawancinmu ke ɗauke da ita: ta hannu ce, EliteBook ko Latitude da aka ci moriyarta a wani ofis a Turai kafin ta biyo ta Computer Village ko titin Beirut na Kano ta iso hannunmu, RAM 4GB, in an yi sa'a 8GB, batir kuma sai addu'a. A kan irin wannan, tsohon AutoCAD ba ya ko nishi, sabo kuwa kafin ya gama buɗewa an ɗauke wuta. Sai kuma kuɗi. Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin, sai dai haya, Adobe ma ya riga shi tun 2013. Hayar AutoCAD ta shekara guda tana kaiwa wajen dala 2,000. Ka lissafa da farashin dala na yau, ka gwada da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, za ka ga sai ma'aikaci ya tara albashin fiye da shekara biyu cur, bai ci ko ƙwandala ba, kafin ya biya. Ga kuma kasuwa. Shiga maɗaba'un unguwa da shagunan buga kalanda da katin biki ka gani, har gobe X3 da X7 ne ke ciyar da gidaje. Da tsohuwar zuma ake magani, ban musa ba.

To me ya hana su jituwa da sabon Windows? Masu ɗora mana ba sa bayani, wasu don su ma haddar matakai suka yi. Abin ba aljanu ba ne. An gina AutoCAD 2007 ne a zamanin Windows XP, lokacin da kusan komai 32-bit ne. Windows 11 kuwa 64-bit ne zalla. Akwai wani tafinta a cikinsa mai suna WOW64 da ke karɓar manhajojin 32-bit, shi ya sa da yawansu ke hawa lafiya lau. Amma tafintan nan yana da iyaka. Ba ya jin yaren 16-bit ko kaɗan, alhali wasu tsofaffin manhajoji, ko da su kansu 32-bit ne, ɗan shirin da ke ɗora su 16-bit ne, don haka tun a bakin ƙofa ake tsayar da su. Ba ya kuma fassara direbobi. Manhajar da ta dogara da tsohon direba, na makullin lasisi da ake soka wa kwamfuta ne ko na tsohuwar na'urar buga manyan zane, ta rasa shi ke nan. Sannan manhajar 32-bit ba ta iya cin RAM fiye da 4GB, wasu ma 2GB ne ƙarshensu. Ko ka yi zuciya ka sayi laftof mai 16GB, tsohon AutoCAD bai san da sauran ba.

Ragowar matsalolin ƙanana ne, amma su suka fi ba da haushi. AutoCAD 2007 yana neman .NET Framework 2.0. A yawancin kwamfutocinmu yana nan cikin kunshin 3.5, a kashe yake kawai, sai ka shiga inda aka rubuta Turn Windows features on or off ka kunna shi da ɗan data. Na ga laftof da dama da aka yi wa fomatin a kan wannan akwatin guda da ba a danna ba. A zamanin XP manhaja tana rubuta abin da ta ga dama a duk inda ta ga dama, tun daga Vista aka hana, to tsohuwar manhaja sai ta je rubutu ta tarar da ƙofa a kulle ta faɗi. Allon laftof na yanzu ya fi na da kaifi, sai alamomin su ƙanƙance kamar ƙwayar gero. A CorelDRAW X4 an san matsalar nan ta rubutun jerin umarni na sama da ke ɓacewa fari fat a kan Windows 10. Wanda ya fi ba ni dariya Photoshop 7.0 ne na 2002: in sararin da ya rage a faifai ya wuce 1TB, sai ya ce wai wuri ya cika. Kamar baƙon da aka ba falo guda ya ce bai ga wurin kwanciya ba.

Masu MacBook kuwa, ku taku ta fi zafi, don tun 2019 da macOS Catalina ya fito Apple ya rufe ƙofar 32-bit ruf. In aka gwada da haka, Microsoft ma ya yi kara.

Mu koma kan Windows 7. Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020, XP kuwa tun Afrilun 2014. Ma'anar haka, duk wata ɓaraka da aka gano bayan nan ba mai toshe maka ita, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta kulle fayilolin jama'a a ƙasashe da dama, har asibitoci a Ingila suka riƙa ɗage ganin marasa lafiya. Mafi yawan kwamfutocin da ta kama Windows 7 ne da ba a sabunta ba, kuma a lokacin fa akwai magani, tun watan Maris aka fitar da shi, sakaci ne ya hana mutane sakawa. Yau ko kana so babu. Chrome ma ya tsaya a lamba 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023. Ka tuna laftof ɗin nan ba ta zane ce kaɗai ba. Da ita kake shiga shafin rajistar makaranta, da ita kake biyan kuɗin makaranta, a nan ka cike neman bashin NELFUND, a nan imel ɗinka yake a buɗe, ga hotunan takardunka da lambar NIN. Duk wannan za ka ajiye a gidan da ba ƙyaure saboda kwas guda mai yunit biyu? Kuma in laftof ɗin ta ɗan kwana-kwanan nan ce, Windows 7 ba shi da direbobinta, tun daga Intel ƙarni na 7 aka daina yi masa. Sai a gama fomatin ka ga Wi-Fi ya mutu, wurin jan yatsa ya ƙi motsi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. (Masu Windows 10, ku ma kada ku miƙe ƙafa, naku wa'adin ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajistarsa.)

Akwai maganar da ba ma son yi a fili, ni zan yi. Tun Agustan 2019 Autodesk ya daina kunna lasisin AutoCAD 2010 da duk na bayansa. Adobe ma ya daɗe da kashe na'urorin da ke tabbatar da lasisin CS2 da CS3. A ganina wannan rashin adalci ne ga wanda ya sa kuɗinsa ya saya da sunan dindindin, amma dai haka abin yake. To AutoCAD 2007 da ke yawo a filas ɗinmu daga ina yake samun lasisi? Kowa ya sani, fasasshe ne, kirak ne. Mene ne kuma umarnin farko da ke zuwa da shi? Ka kashe antibairos. Na biyu, ka buɗe wani ɗan fayil da ba ka san wanda ya rubuta shi ba da cikakken iko a kan kwamfutarka. Wato ka sallami mai gadi, ka buɗe ƙofa, ka miƙa wa baƙo makullan gida duka. Wanda ya zauna ya fasa manhajar nan ya watsa ta kyauta, don Allah ya yi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. A ajinmu, saura mako guda a kare furojet, wata abokiyar karatunmu ta soka filas ɗinta a laftof da aka kashe wa mai gadi don kirak, ta zare ta ga duk manyan fayilolinta sun koma 'yan alamomi marasa komai a ciki. Allah ya taimake ta irin cutar nan ce mai ɓoye fayil ba mai cinye shi ba, aka dawo mata da su. Amma awa biyun da ta yi a zaune a situdiyo hannu a ka, ba na yi wa kowa fatansu.

Abin takaicin shi ne, da yawanmu ba ma buƙatar wannan kasadar. Autodesk yana ba ɗalibai AutoCAD da Revit da Civil 3D kyauta, lasisin shekara guda da ake sabuntawa muddin kana karatu. Abin da ake nema shaidar cewa kai ɗalibi ne, kamar katin makaranta ko takardar rajista mai ɗauke da sunanka da sunan makaranta da kwanan wata. Sharaɗinsa na koyo ne, ba na karɓar kwangila ba. Na tambayi 'yan ND 1 da dama, kusan duk ba su taɓa jin labarin ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba wanda ya gaya musu. Cikas ɗin da ke akwai na gaske ne, ban ɓoye ba: saukewa yana cin data mai yawa, kuma laftof mai 4GB ba za ta ɗauka ba.

In dai tilas sai tsohuwar, misali kana da halastaccen kwafi ko wurin da kake koyon aiki ita suke amfani da ita, to a bi abin a hankali. A fara da mai sauƙi: kunna .NET 3.5, sannan ka danna dama a kan fayil ɗin ɗorawa, ka shiga Properties, ka shiga Compatibility, ka zaɓi XP ko Windows 7. Abin da ke faruwa a nan, Windows ƙarya yake yi wa manhajar, ya ce mata "ni ne tsohon mijinki", ya kuma kwaikwayi wasu halayensa. Wani lokaci ta yarda, wani lokaci ta gane. A nan ne ma ake gyara matsalar ƙanƙancewar alamomi. In ta ƙi, sai a yi mata ɗaki a cikin ɗaki, wato kwamfutar gaibu da ke zaune a cikin taka. VirtualBox kyauta ne, VMware Workstation Pro ma ya zama kyauta tun 2024. Ka ɗora tsohon Windows a ciki, ka ɗora manhajar a kansa, ka yanke masa intanet gaba ɗaya, ka buɗe jaka guda da za ku riƙa musayar fayil. Tsohuwar ta samu gidan da ta saba, kai kuma gidanka na nan da ƙyaurensa. Microsoft da kansa ya taɓa yin wannan dabarar da XP Mode a Windows 7, ya janye ta a Windows 8. Sai dai tana son RAM 8GB ko fiye, sai an kunna mata izini a BIOS, Windows ɗin ciki shi ma yana buƙatar lasisinsa, kuma aikin 3D a ciki tafiyar hawainiya ce. Mai 4GB kuwa, shawarata ya tara kuɗin fomatin ɗin nan da yake biya duk zango ya ƙara RAM, don yawancin EliteBook da Latitude na zamanin suna da gurbi na biyu a buɗe. Kafin nan akwai LibreCAD na zanen 2D, da FreeCAD, da Inkscape, da QGIS na 'yan safiyo, da KiCad na 'yan lantarki, duk kyauta ne, halas, ba a kashe mai gadi.

Inda abin ya fi cin mutane ma ba wajen ɗorawa ba ne, wajen fayil ne. Tsarin DWG ya sha sauyawa: akwai na 2000, 2004, 2007, 2010, 2013 da 2018, kuma na 2018 ɗin ne ake kai har yanzu. Sabon AutoCAD yana buɗe tsohon fayil, tsoho kuwa ba ya buɗe sabo. A aikin rukuni sai ka ga mutum biyar, AutoCAD iri uku. Wanda ya fi kowa sabuwar laftof ya haɗa aikin ya adana, a tura wa mai 2007 da dare don ya kai bugu da safe, ya buɗe ya ga saƙon cewa fayil ɗin na gaba da shi ne. Ƙarfe takwas ake karɓa, mai sabuwar laftof ya kashe waya yana barci. Maganin bai fi minti guda ba: a shiga Options, a shiga Open and Save, a sa ya riƙa adanawa a tsarin 2007 tun daga ranar farko. In aikin gama ya gama, DWG TrueView na Autodesk kyauta ne kuma yana mayar da fayil baya. Kowane zane kuma a haɗa shi da PDF. 'Yan CorelDRAW, ku ma haka: wajen adanawa akwai gurbin zaɓar lambar baya, kuma kafin ku kai maɗaba'a ku mayar da rubutu zane da Ctrl+Q, amma a kwafi na daban, kada gobe a ce a gyara sunan amarya ku rasa yadda za ku yi.

Tunda na ambaci rubutu, bari in ɗan ratse. Masu aikin Hausa suna da tasu rigimar ta daban. Kafin Unicode ya wadata, da haruffa na musamman ake samun ƙ da ɗ da ɓ, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, kuma sun yi wa ɗab'in Hausa hidima ba kaɗan ba. Yadda suke aiki, an ɗauki gurbin wata alama ne aka zana harafi mai ƙugiya a wurin. In ka buɗe irin wannan fayil a kwamfutar da ba ta da su, sai ka ga alamomi sun cika shafi. PageMaker 7 na 2001, wanda har yanzu wasu ke shirya littafi da shi, bai san Unicode ba sam. Duk mai tsohon aiki a irin wannan tsari, ya fitar da PDF ɗinsa yanzu tun tsohuwar kwamfutar tana numfashi.

Yanzu ga malamanmu, tare da girmamawa. Ranku ya daɗe, "ku zo da AutoCAD" bai isa umarni ba. Wanne? A wane tsari za a miƙa fayil? A ina ɗalibi zai samo shi ba tare da ya saci kayan wani ba? Layi uku a takardar tsarin kwas sun isa su amsa wannan. Na biyu, in ana koyar da mu da "danna alama ta uku daga hagu", ranar da fuskar manhajar ta sauya iliminmu ya tafi da ita. Fuskar kuwa ta daɗe da sauyawa: a AutoCAD 2009 aka kawo faffaɗan jerin nan na sama, a na 2015 aka cire tsohuwar fuskar daga zaɓi. Ɗalibi ya je SIWES a wani ofis a Abuja ko Kaduna, a zaunar da shi gaban sabon AutoCAD, ko ma Revit, ya yi zuru kamar bai taɓa shiga aji ba. Alhali LINE da OFFSET da TRIM da FILLET suna nan yadda suke, ka buga L ko O ko TR a na 2007 ko a na bana, abu guda za su yi. Wanda aka koya wa umarni, da tsarin shimfiɗu, da sikeli, da kaurin layi, kowace lamba aka ba shi zai zauna ya yi aiki. Na san akwai malamai masu yin haka, kuma ana gane ɗalibansu tun a makon farko na SIWES. Na kuma san wasu ɗakunan kwamfutar ba za su ɗauki sabuwar manhaja ba ko an so. To a faɗa mana gaskiya cewa na'urorin ne ba sa iyawa, kada a bar yaro ya ɗauka 2007 ne ƙarshen duniya.

Ƙungiyarmu ta ɗalibai kuma, da muke biya wa kuɗi duk shekara, ga aikin da bai kai kuɗin hayar kujerun liyafa guda ba. A ware Asabar ɗaya a mako na biyu na kowane zango. A sauke fayilolin ɗorawa na halas sau ɗaya da intanet ɗin makaranta, a zuba a faifai guda mai tsabta, kowa ya kwafa ya shiga da nasa asusun. A zaunar da mutum biyu su taimaka wa sababbi wajen rajistar lasisin ɗalibai, wasu biyu su riƙa duba laftof suna gaya wa mai ita gaskiyar abin da za ta iya ɗauka. Ƙungiyoyin sassa su samo daga malamai lamba da tsarin fayil na kowane kwas, a manna a allon sanarwa. Abin da ake buƙata ɗakin taro guda ne, da man janareta na awa shida, da 'yan sashen kimiyyar kwamfuta kamar biyar, waɗanda dama neman inda za su gwada hannu suke yi. Zan kawo maganar a zaman majalisar ɗalibai mai zuwa, kuma in aka amince, doguwar wayar soket ɗina mai baki shida tana cikin kayan da za a fara da su.